Mai Wankan Gawar da Ta Zo Ba a Aika Mata Ba

Da an idar da sallar asuba, kafin masu shayi su hura wuta, za ka ji takun silifas ɗinta a lungunan Sabon Garin Wudil. Ta isa ƙofa, ta buga sau uku da tafin hannu, ta wuce ta gaba. Ƙamshin kafur ba ya barin mayafinta ko an wanke shi. Inna Barakatu ke nan, wadda ta yi shekara talatin da ɗoriya tana yi wa matan unguwarmu wankan ƙarshe.

A da ba ta shiga gidan kowa da sassafe sai an aika mata. Shi ya sa ranar da na buɗe ƙofa na gan ta tsaye, shekara shida da suka wuce, na rasa abin da ya kawo ta. Ba a yi mana rasuwa ba. Yanzun nan na ji tarin mahaifiyata, Hajiya Ikilima, daga ɗaki.

Na ce, "Inna, lafiya? Wa ya aiko?"

Ta ce, "Ba kowa, Garzali. Na zo ne tun kafin a aiko."

Ta shige ɗakin Hajiya, ta dube ta daga sama har ƙasa, irin kallon mai auna likkafani.

Laifin kuwa nawa ne. Tun da na samu aiki na rantse uwata ta gama wahala. Na hana ta daka, na hana ta ɗiban ruwa, ko barka za ta je bayan layi sai na kira mai adaidaita. Ta yi teɓa, ina ta fankama wai hutu ya karɓe ta. Gabanta ya riƙa faɗuwa, ita kuma ta ɗauka mugun labari ne ke tafe, tana ta buga wa dangi waya tana tambayar wa ya mutu.

Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani, amana ce. Abu ɗaya kawai Inna ta taɓa gaya min: da, tsofaffi tukuf take wankewa, marasa nauyi kamar kara. Sai ta ga ana kawo mata ƙannenta, 'yan hamsin da wani abu, waɗanda ta ci tuwon bikinsu. Abin ya hana ta sukuni, har ta je ta tambayi Malama Marta, wata ma'aikaciyar jinya. Ita ta bayyana mata cewa idan al'ada ta ɗauke wa mace, sinadarin da ke kare jijiyoyin jininta yana raguwa, kitse ya taru a ciki, hawan jini da suga su samu ƙofa. Ta ce a fara zuwa awo, a sha magani in an rubuta, sannan a yi tafiyar sassarfa ta rabin awa, kwana biyar a mako. Da yake Inna ba ta da damar tona sirrin matattu, sai ta koma buga ƙofar masu rai.

Ranar ta ja Hajiya asibiti. Jininta ya hau sosai, suga yana bakin ƙofa. Washegari suka fara fita, Hajiya ba ta kai ƙarshen layi ba ta zauna tana haki.

Mutanen gari ba su so abin ba. Ka ga mai wankan gawa a gaba, mata cikin dogayen hijabai a bayanta, kowa da carbi, ba mai magana, sun nufi bakin kogi gari bai gama wayewa ba. Ya'u masunci ya yar da komarsa ya ruga gida, yana rantsuwa ya ga Barakatu tana tafiya da waɗanda ta wanke. Har maita aka jingina mata. Wani gida sau uku ana rufe mata ƙofa, bayan wata huɗu kuma matar gidan ta rasu, su da kansu suka aika mata. Ta yi aikinta, ta fito ido jawur. Da wani ya so ya tsokano magana, cewa ta yi ajali na Allah ne, ita dai ba ta son ta yi shiru ne kawai.

Inna, ke ce kika yarda a riƙa tsoronki don wasu su tashi daga tabarma. Ke ce kika nuna min cewa hutun da nake taƙama da shi yana cin uwata a zaune. Yau mata kusan talatin ke bin ki. Hajiya tana zuwa gada ta dawo ba ta nemi wurin zama ba, jininta ya daidaita, faɗuwar gaban ta yi sauƙi, dangi ma sun huta da waya.

Watan jiya Inna ta ajiye wanka, hannu ya fara rawa, ta miƙa wa Juwairiyya da ta koyar. Da Inna ta zo da asuba, na ji Hajiya tana tsokanarta daga tsakar gida.

"Yaya Barakatu, kin karya alkawari. Ba da ke muka yi za ki yi min wanka ba?"

Inna ta ce, "Shi na yi shekara shida ina gudu, Ikilima. Sa takalminki."

Ina zaure a tsaye, hawaye suka zubo min, ban kuma ji kunya ba.

Mun gode, Inna. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa ƙafafunki ƙarfi. Ku kuma 'yan'uwana masu hutar da iyaye mata, ku bar su su taka ƙasa, in da hali ku raka su. Idan gobe kun ji bugu uku a ƙofa da ƙamshin kafur, ku yi maza ku buɗe.