Surukina da sandar lalube

Da sosayeten, wato kamfanin masu haƙar ma'adinai, ta buɗe babban garejinta a bakin hanyar Arlit, ni na riga kowa a gidanmu shiga ciki. Wanke-wanke nake yi a kantin, wato ɗakin cin abincin ma'aikata. Lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma tukunya ba ta taɓa tambayata takarda ba.

Sosayeten ba ta tsaron ƙofarta da kanta. Wani kamfani ta ɗauko daga Yamai, shi ke ɗaukar gardi, wato masu gadi, ya ba su baƙar riga mai ɗaukar zafi da takalmi kamar na soja. Bindiga kam babu. Abin da ke hannunsu wata sanda ce mai kuka in ta ji ƙarfe. Kowa zai shiga ko zai fita, sai ya ɗaga hannuwa an bi jikinsa da ita, an buɗe jakarsa. Wai kada mu sace kamiyo, babbar motar kaya, a cikin zane.

Ana nan sai mijin ƴata ya samu aikin. Ya sha wahala a filin zinariya, ya dawo ba abin da ya kawo sai tari, ga ƴata da ciki. Mun yi murna. Ba wanda ya yi tunanin wace ƙofa za a tsayar da shi.

Da safe na iso da kwanona a ka, sai ga shi a bakin ƙofa. Yaron da tun da ya auri ƴata bai taɓa kallon tsakiyar idona ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba, shi ne zai ce in ɗaga hannuwa ya bi ƙuguna da sanda. Ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa da takalman nan nasa, ya ce, "Inna, kun tashi lafiya?" Na amsa, na wuce. Sandar tana kwance cikin rairayi.

Ashe akwai kamara a kan ginshiƙi, wani kuma yana zaune cikin sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana kallo. Shaf ɗinsu, wato shugabansu, ya kira yaron, ya ce gardi ba ya durƙusawa, gardi ba shi da suruka. Yaron ya roƙa a sauya masa ƙofa, aka ce Yamai ce ke raba ƙofa. Gardi mace da za ta lalube mu kuwa, tun buɗe wurin ake cewa tana hanya.

Na tare shaf ɗin da kaina. Bahaushe ne ɗan Maradi, ya san komai, amma ya yi ta yi mini faransanci. Na tambaye shi ko shi zai iya lalube uwar matarsa. Ya kalli kamara, ya rage murya, ya ce shi ma ana kallonsa. In yaron ya sake, ya ce, rigar za su karɓe.

Washegari na yi niyyar sauƙaƙa masa. Na ajiye kwano, na ɗaga hannuwa sama kamar mai roƙon ruwa, na ce, "Ku tashi ku yi aikinku." Ya miƙe, ya kau da kai wajen katanga, ya miƙo sandar yana laluben iska. Sandar ta taɓa awarwarona ta fashe da kuka. Direbobin da ke layi suka kwashe da dariya, wani ya ce a bincika da kyau, tsohuwar nan da injin ta fito. Na ga gumi yana bin wuyan yaron. Da yamma ƴata ta ce ko ruwa bai sha ba, ya ce gara ya koma ramin zinariya.

To, tukwanen sosayete ba su haifi jikana ba. Na mayar musu da baj ɗinsu, katin shiga ƙofa. Matar da ke kula da kantin ta ce ban ba da dalili ba, na ce ta tambayi ginshiƙi.

Na fara dafa shinkafa da wake a waje, ina sayar wa direbobi. Wurin zama kuwa surukina ne ya zaɓa mini, ta bakin matarsa: bayan tankin ruwa, gefen wata ƙaya, nan ne idon kamara ba ya kaiwa. Sun koya masa wannan don ya san inda ɓarawo zai iya ɓuya. Sirrin sosayete ke nan guda da ya taɓa fitarwa.

Kowace safiya kafin ya kama aiki yana zagayowa bayan tankin, ya cire hula, ya durƙusa, ya tambaye ni kwana. In amsa, in tambaye shi tarin. Sannan ya kaɗe gwiwarsa sosai, don shaf yana duba wando.