Muryar Baba a Bakin Tulu

Jama'a, yau a Dugabau Inna ta amsa wa Baba magana, shi da ya daɗe da rasuwa!

Tana da 'yar MP3 mai karatun Alƙur'anin da Baba ya ɗauka da bakinsa. Sautin kamar sauro na wa'azi a gwangwani, ga kunnen Inna ya yi nauyi. Kullum tana manna ta a kunne, a banza. Sabuwa kuwa, a tsadar nan, sai kallo.

Sai na zama injiniya. Na ciro lasifikar tsohuwar rediyo, na haɗa ta da MP3 ɗin da waya, na kifa ta a bakin tulu. Inna ta ce, "Habu, ka fasa min tulu, kai da Allah."

Na kunna. Wallahi har kaji suka nutsu. Baba sak, da kaurin muryarsa. Ya kai aya, sai ga wata magana ƙasa-ƙasa da ba mu taɓa ji ba: "Hajiya, furar nan ta samu kuwa?"

Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ta samu, Malam."

Na tsayar da karatun. Ta share ido ta ce, "Habu, maimaita min wajen furar."