Ranar da Goggo ta je duba ɓeraye

Ko zan manta da komai na zaman jami'a, ban da zuwan Goggo ɗakin ɓerayenmu.

Goggo yayar mahaifina ce. A ruga ta tashi, tsufa ne ya kawo ta gidanmu a Fadaman Mada. Kullum da safe sai ta ɗaga kofi guda na jiƙon wani sassaƙe, wai maganin ciwon gwiwa. Ƙafafunta suka fara kumbura, likita ya ce ƙodarta ce, ta bar jiƙon. Goggo ta ƙi, ta ce likitan da ko gemu bai tsayar ba. Ni kuwa tsoro nake ji ƙwarai, don ita ta goya ni. Shi ya sa da aka zo binciken kammala digiri na ɗauki sassaƙen nan, in gwada shi a kan ɓeraye.

Da ta ji, sai ta ce sai ta gan su da idonta. Na saka ta a keke muka tafi.

Tana shiga ta tsaya ta riƙe haɓa. Ga ɓerayen farare tas, kowane rukuni da kejinsa, ga fanka tana kaɗa musu.

"Ikon Allah! Mu muna kwana a zafi, ɓera na shan iska. Waɗannan ai 'yan boko ne."

Ta kwance bakin zani ta fito da gyaɗa. Mai kula da ɗakin, wani mutumin kudu mai Hausar kasuwa, ya taso da gudu.

"Mama, kar ka ba shi! Yana azumi, gobe za a ba shi magani."

"Azumi? Yaushe ya musulunta?"

Dariya ta hana ni yi mata bayanin cewa sai cikinsu ba komai ake fara ɗura musu. Kafin mu ankara ta watsa musu gyaɗar. Dole aka ɗage gwajin, malamina ya wanke ni tas.

Bayan makonni ta ce a mayar da ita dubiya. Na sa ta yi alkawarin ba za ta ba su komai ba, ta karya tun daga ƙofa. Waɗanda ake ba ruwa zalla suka yo kan gyaɗarta kamar 'yan biki. Sai ta isa kejin ƙarshe, na masu shan jiƙon da yawa. Suna rakuɓe a lungu, gashi a tashe, ido a lumshe. Ta miƙa, ko shinshinawa babu wanda ya yi.

Goggo ta juyo gare ni.

"Nawa suke sha?"

"In an kwatanta da girman jiki, kusan naki ne, Goggo."

"A ruga, in saniya ta ci ganye ta ƙi kiwo, ba ma sake bi da garke ta wurin," ta ce a hankali. "Kai ni gida."

Muna isa ta kifar da tukunyar a makwarara, ta koma asibiti da ƙafarta. Tana nan da ranta, tana ba maƙwabta labari cewa wani bawan Allah ɓera ne ya cece ta. Ni ko suna ba na samu.

Abin da na koya shi ne, in kana son ran tsohonka, daina yi masa gardama. Nemo masa shaidan da zai yarda da shi, ko da mai wutsiya ne.