Rigunan da Ba Su Sha Gishiri Ba

Duk wanda ya zauna a lungunan bayan Balad, tsohon garin Jidda, a shekarun saba'in ya san Hajja Mastura mai wanki, in bai san fuskarta ba to ya san igiyar shanyarta. Ita ce kullum jere da fararen riguna irin na ma'aikatan jirgin ruwa, sun sha bula sun sha sitati. Mace ce gajera, mai faɗa kamar barkono, hannuwanta duk sabulu ya cinye su. An haife ta a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, inda guzurin iyayenta ya ƙare a hanyar Makka suka yada zango har mutuwa. Ita ta ƙarasa musu tafiyar. Ta haye teku daga Sawakin a jirgin katako, da mijinta Na'ibi, da jariri a goye. Na'ibi bai daɗe a Jidda ba zazzaɓi ya ɗauke shi, ya bar ta da baho da dutsen guga da yaron.

Yaron shi ne Othman, kamar yadda abokansa haifaffun Jidda ke kiransa. Ita kam ba ta taɓa kama sunansa ba, domin ɗan fari ne, kuma a gidan da ta tashi uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. "Wancan" take cewa, ko "mutumin". Maƙwabtanta Larabawa har suna zaton ba ta son sa. Ina! Shi kaɗai gare ta, kuma duk wankin da take yi don shi take yi.

Da ya girma ya sami aiki a wani jirgi mai ɗaukar mutane da motoci tsakanin Jidda da Bur Sudan. Jirgin ya kwana biyu a duniya, har 'yan bakin ruwa suka sa masa suna Tsohuwa. Aikin Othman shi ne ɗaure motoci da sarƙa a can ƙasan jirgin, cikin zafi da warin fetur. Mai jirgin shi ya zama kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a gaban hukuma don ya zauna a ƙasar, ya haɗa da uwar, ya ba ta wankin ma'aikata. Mastura ta yi murna ƙwarai, ta ce kakarsu ta yanke saƙa.

Hukuma tana da doka mai kyau: jirgin da zai ɗauki mutane sai an duba shi, kuma kowane kwale-kwalen ceto sai da ma'aikatan da suka iya sauke shi ruwa. Shi kuma mai jirgi yana da tasa dabarar. Ranar da mai duba jirgi zai zo, sai wakilinsa Abdulwahid ya fita ƙofar tasha ya kwaso 'yan dako da 'yan zaman kashe wando. Har da Ubale mai shayi, har da Rafi'u, wanda ko ruwan baho ya kaɗa sai kansa ya juya. A sa musu riguna, a jera su gindin kwale-kwale, su turo ƙirji kamar gaske. Mai dubawa ya ƙirga kawuna ya buga hatimi ya sauka, su kuma su tuɓe su bi ta tsanin baya, kowa ya koma sana'arsa. Ma'aikatan aro ke nan.

Mastura a cikin baho ta fara sanin zancen. Ƙulli biyu ake kawo mata. Na su Othman sai ta jiƙa ta murza, gishirin teku ya yi musu fari a hammata, ga baƙin mai, ga gumi. Ɗaya ƙullin kuwa ko karin gugar bai fita ba. Da fari dariya abin ya ba ta, ta ce Allah ya ƙaro irin wannan wanki.

Wata rana da yamma Othman na cin tuwo ya ajiye loma.

"Ummi, rigunan nan da kike gogewa, wallahi su za su kashe mu. Kwale-kwale ɗaya sai hannu da yawa yake sauka. Mu da ke tafiya da jirgin, ko ɗaya sai mun yi da gaske. In wuta ta tashi a motoci, halas, tamu ta ƙare."

"To ka bar aikin mana."

"In bari in je ina? Iƙamata, takardar zamana, a hannun mai jirgi take, taki ma haka. Abdulwahid ya ce duk wanda ya buɗe baki, kafala ta yanke, sai Sudan. Wa na sani a Sudan?"

Daga ranar tsoro biyu suka zauna mata a ƙirji, na teku da na kora, ta rasa wanda za ta bi.

Da lokacin dubawa ya sake zagayowa, gawayi ya yi mata gardama, ta makara. Ta ɗauki ƙullin a ka ta kai tasha da kanta, aka rarraba a gurguje, ba ta kai ga sauka ba mai dubawa ya hau. Sabo ne, saurayi mai tabarau da ladabi. Ya dubi layin nan, ya dubi rigunan da suka yi tsaf fiye da kima, ya ɗan yi jim. Sai ya juyo gare ta.

"Ya Hajja, ke kike musu wanki? Duk waɗannan suna tafiya da jirgin?"

Ta dubi Abdulwahid, yana murmushi. Ta dubi ɗanta a ƙarshen layi, ya sunkuyar da kai. Ta hango shi a zuciyarta an tusa ƙeyarsa zuwa ƙasar da ya baro a goye, ita tana nan ita kaɗai.

"Aiwa," in ji ta. "Duka."

Saurayin ya gode mata, ya buga hatimi. Wa zai ga laifinta? Uwa ce, ta zaɓi masifar da ba ta gani ba a kan wadda ke tsaye gabanta tana murmushi. Sai dai an gudu gara ne an faɗa zago.

Bayan aikin Hajji na shekarar, Tsohuwa ta tashi maƙil da alhazai masu komawa gida, motoci shaƙe da kaya. Da azahar, a tsakiyar teku, wuta ta tashi a ƙasa. Wata Dela, 'yar Gadarif ta Sudan, tana cikin waɗanda jirgin masunta ya tsinto, ita ta zo har gida ta ba Mastura labari. Ta ce kwale-kwalen suna nan rataye, mutane na ta jan igiya suna salati, ba wanda ya san inda ake kwancewa. Wani dogon yaro Bahaushe da abokan aikinsa kaɗan suka sauke guda, suka cika shi da mata da yara. Ta ce masa ya shigo, ya ce, "Yalla, Inna, ku tafi, akwai saura." Ya ruga wajen na biyu cikin hayaƙi. Iyakar ganinsa da ta yi ke nan.

Aka yi zaman makoki ba gawa. Mastura ba ta yi ihu ba, don ko a nan kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba, amma baƙin ciki ya ramar da ita har zanenta ya riƙa zamewa. A kusurwar ɗaki ƙullin rigunan aro na ajiye, a goge, ko ɗaya bai ɓata ba. Ubale mai shayi ya zo gaisuwa, ya hango ƙullin, ya kasa gama addu'a ya tashi.

Shekara ba ta cika ba mai jirgi ya sayo wani. Abdulwahid ya yi sallama a ƙofarta.

"Hajja, Allah ya jiƙan Othman, shahidi ne. Rigunan nan suna nan? Jibi za a duba sabon."

"Suna nan. Ni zan kawo."

Ta kawo kuwa. Ta hau jirgin da ƙullin a ka, ta wuce Abdulwahid yana miƙa hannu, ta wuce 'yan aro da ke tsaye da singileti suna jira, ta tsaya har mai tabarau ya iso. Ta dire ƙullin a gabansa ta kwance.

"Ya ustaz, sunsuna. Ka ji gishiri? Waɗannan ba su taɓa shiga teku ba, masu sa su ma haka. Ka tambaye ni bara na yi maka ƙarya. Ɗana yana can ƙasan ruwa."

Aka tsare jirgin har sai da aka ɗauki ma'aikatan gaske. Wasu suka ce ihu bayan hari ne, wasu suka ce ta ceci rayuka. Abin da ba a yi gardama a kai ba shi ne kafala ta yanke, kamar yadda aka yi alkawari. Ta rarraba bahonta da dutsen gugarta ga maƙwabta, aka ba ta takardar fita, kuma a wannan sabon jirgin aka sa ta.

Ta ƙi zama a ɗakin mata. Ta tsaya a sama tana kallon ma'aikatan da ke gindin kowane kwale-kwale, rigunansu duk gishiri ya yi fari a hammata. Da rana ta take ta kama hannun ɗaya daga cikinsu.

"Ɗan nan, a ina Tsohuwa ta ƙone?"

Ya duba, ya yi nuni da hannu. "Wajen nan ne, Hajja. Yanzu za mu wuce ta kai."

Ba komai a wurin sai ruwa. Ta riƙe ƙarfen da hannuwanta biyu, ta leƙa ƙasa. Sunan da ta riƙe a baki tun ranar suna, ba ta taɓa furtawa ba, ta sake shi da irin faɗin mutanen gida.

"Usumanu," in ji ta. "Usumanu, ni ce."

Jirgin bai rage gudu ba.