Yadda Hankalin Gwaggo Ya Dawo

Na fi shekara goma ina binciken ƙwaƙwalwa a jami'a kafin wani ɗan gidanmu ya amfana da abin da na karanta. Aikina a lokacin da ɓeraye ne. Mukan kiwata su a ɗakin gwaji har su tsufa, mu sauya wa wasu abinci, sannan mu duba waɗanne ne ke saurin manta hanyar da aka koya musu. Taubashina, babban ɗan Gwaggo, mai sana'ar kamun kifi a Tiga, ba ya kirana da komai sai likitar ɓeraye. Duk bikin da muka haɗu sai ya ce in leƙa rumbunsa, marasa lafiya na can suna jirana.

Ranar da ya kira ni a waya babu wasa a muryarsa.

"Inna ta rikice," in ji shi. "Jiya ta tambaye ni ɗan wane ne ni. In kina son ki same ta da sauran hankalinta, ki zo."

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana amarya aka tashe su daga ƙauyensu saboda ruwan dam ɗin Tiga, kuma duk cikin waɗanda aka tasa babu mai riƙe dangi a ka kamarta. Ta san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wace ta shayar da ɗan wace.

Washegari na kama hanya, na tsaya a Kwanar Dangora na saya mata ayaba da lemo. Na tarar da ita a kan tabarma a gindin darbejiya, ta rame, mayafinta a karkace. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da ladabi, irin amsar da ake yi wa baƙuwa.

"Gigin tsufa ne," in ji matar taubashina, wadda ke kula da ita. "Sai haƙuri."

Ni ma abin da na zo da shi a zuciyata ke nan, domin na san yawancin irin wannan ciwo ba ya komawa baya. Amma da na ɓare mata lemo sai ta yamutsa fuska ta ce harshenta na zafi. Na roƙe ta ta buɗe baki. Harshen ja ne, sumul, kamar an goge shi. Na duba cikin idonta, fari fat. Da aka tashe ta za ta yi alwala sai na ga tana taka ƙasa kamar ba ta yarda da ita ba.

"Gwaggo, me ke damun ƙafar?"

"Tururuwa ce, 'yar nan. Kullum tana yawo a ciki."

Nan take wani zato ya zo mini. Na juya wajen surukarta na ce ta faɗa mini abin da Gwaggo ke ci, tun daga safe.

"Koko. Da rana ɗan tuwo da miyar kuka. Da yamma koko kuma."

"Kifi fa? Gidan masunta ne nan!"

Ta yi dariya. Ashe shekaru da dama da suka wuce ƙaya ta taɓa maƙale wa Gwaggo a maƙogwaro, ta sha wuya, ta rantse ita da kifi har abada. Nama kuwa tun da haƙoranta suka zube ta bar shi. Bafulatanar da ke kawo mata nono ta yi ƙaura, ita kuma ta ce ba ta shan na kowa. Kullum ana shigo da kifi gidan a kwando, ita tana zaune da kofin kokonta.

Akwai wani sinadari, bitamin B12, da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ba sa aiki daidai sai da shi, kuma a kifi da nama da ƙwai da nono ake samunsa. In ya ƙare a jikin tsoho yakan kawo mantuwa da ruɗewa. Wannan tun ina ɗaliba na san shi. Na ce wa taubashina zan tafi da ita Kano a auna jininta.

"Ki bar tsohuwa ta huta," ya ce. "Wahalar mota kawai za ki ba ta."

"Yaya, ka ba ni kwana biyu. Ban yi maka alkawarin komai ba. In ba abin da nake zato ba ne, da kaina zan dawo maka da ita in ba ka haƙuri."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wa mahaifiyarsa takalmi.

Ni ba likitar duba marasa lafiya ba ce, don haka na kai ta wajen wata abokiyar aikina da ke wannan fanni. Sakamakon ya fito kamar yadda na zata. Aka rubuta mata allurai da za a riƙa yi mata a asibitin sha-ka-tafi na kusa da gida. Saura abinci, kuma nan ne aka yi daga. Surukarta ta riƙa dafa tarwaɗa, ta zauna ta zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya a gaban idon Gwaggo, ta marmashe a miya. Sau uku tana ture kwanon. A na huɗu ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi yawa, ta cinye. Taubashina ya je ruga da kansa ya samo mai kawo kindirmo kullum.

Wata na farko babu abin da ya sauya sai cin abinci. A na biyu tururuwar ta ragu. Ina cikin ɗakin gwaji a wata na huɗu taubashina ya sake kira, yana magana yana dariya har ban gane ba sai da ya maimaita.

Ya ce wasu dattawa ne suka zo daga Ba'awa neman wa ɗansu auren wata jikar maƙwabcin su Gwaggo. Ana cikin gaisawa a tsakar gida Gwaggo ta tambayi sunan kakar yaron. Da aka faɗa sai ta ce a dakata. Ta lissafo gidan tun daga tsohon ƙauye, ta ce uwar yarinyar ta sha nonon kakar yaron, amma ita yarinyar da yaron babu abin da ya hana su aure, a je a tambayi liman. Aka tambaya, ya ce haka ne. Sannan ta juya ta ce wa ɗanta hularsa ta yi datti, ya shiga ya sauya kafin ya zauna da baƙi.

Na ajiye wayar na fita bayan ginin, na yi kuka, na yi hamdala.

Daga nan mutane suka fara kawo mini iyayensu duk lokacin da na je gida. Nakan gaya musu gaskiya, cewa ba kowa ne zai warke kamar Gwaggo ba, kuma da yawa ba su warke ɗin ba. Amma wasu sun samu sauƙi, kuma kowa ya koyi tambayar me tsoho ke ci kafin a ce tsufa ne. Na nemi izinin jami'a na karkata bincikena zuwa ga tsofaffin Kiru da Bebeji da Tudun Wada, har Doguwa. Yanzu ɗalibaina mata biyu 'yan yankin ne ke jan aikin.

Gwaggo ta ƙara shekara shida a duniya da hankalinta. Ta raɗa wa tattaɓa-kunnenta biyu sunan wasa, ta koma azumin Litinin da Alhamis duk da na hana ta. A zuwana na ƙarshe ta sa na zauna da littafi da biro, ta yi ta faɗa mini gidajen tsohon ƙauyensu layi-layi, ina rubutawa, tana gyara mini har aka kira la'asar.