Hukuncin Baba a Bakin Tabki

Babanmu ya yi soja, amma bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba. Labarin da yake so shi ne na Dakar, inda wani hafsan Nasara ya ɗauke shi yana ja masa igiya a jirgin ruwa mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Ran Lahadi Nasaru kan yi tsere da waɗannan jirage, Baba kuwa ya dawo Filinge da dokokin tseren kaf a kansa.

Mu ba mu da kogi. Sai damina ta zauna tabkin bayan unguwarmu yake cika, ruwan ya kai wa yaro cinya. Nan Baba ya koya wa yara haɗa ƙananan jirage da karan gero, a kafa tsinke a tsakiya, a ɗaura tsumma. Kowa ya bi jirginsa cikin ruwa da dogon kara. Yana iya juya masa kai, amma ba ya turawa. A kewaya gorar da aka ɗaure da dutse a tsakiyar tabki, a dawo gaɓa. Baba ne alƙali, kuma babbar dokarsa ita ce, in jirage biyu za su gamu, wanda iska ke bugu ta dama shi ke da hanya. Ɗayan ya kauce. In bai kauce ba har aka yi karo, ya fita.

Yayana shi ne ɗan fari, don haka Baba ba ya sakewa da shi a gaban mutane, sai dai ya ce "yaron nan". Daminar da aka zaɓe shi zuwa lakwal, wato makarantar boko, a Yamai, ya haɗa jirgin da ya fi na kowa kyau, har Inna ta yago masa gefen tsohon zanenta.

Ranar tseren ƙarshe mu mata muna gaɓa muna kallo. Yayana da ɗan maƙerin unguwarmu suka iso gorar tare. Jiragen suka yi karo, na ɗan maƙeri ya kife. Baba ya ɗaga hannu.

"Yaron nan, fito."

"Baba, iska ta juya! Ta dama take buguna."

"Ni ban ga ta juya ba."

"Wallahi ta juya."

"Alƙali ya yi magana. Fito."

Ya fito, ya bar jirgin cikin ruwa. Daga ranar in Baba ya shigo gida, shi sai ya fita. Da kamyon Yamai, babbar motar da za ta kai shi lakwal, ya zo bayan girbi, ya durƙusa ya yi sallama kansa a sunkuye. Baba ya ce, "Allah shi tsare," bai ƙara ba.

Da bazara sankarau ya shiga ɗakin kwanan ƴan lakwal. Mushen garinmu, wato malamin lakwal, shi ne ya zo da kansa ya gaya mana yayana ya rasu. Can aka binne shi, babu wanda ya je daga gidanmu.

Baba bai yi kuka a gabanmu ba. Amma bayan an watse daga zaman makoki, na fara ganinsa da la'asar a gindin zaure yana zane a ƙasa da yatsa. Ga gora, ga jirgi, ga jirgi. Ya share, ya sake. Wata rana ya kira ni.

"Ke kina gaɓa. Zanenki wane gefe iska ke kaɗa shi?"

Na ce ban sani ba. Ya je har maƙera ya tambayi ɗan maƙeri. Yaron ya tsorata, ya ce shi ma bai lura ba, amma in Baba yana so a ce yayana ne ya ci, ya yarda. Baba ya ce ba haka ake hukunci ba.

Inna ta daɗe tana lura da shi. Ran nan ta kawo masa fura, ta tarar da shi kan zanen, ta ce, "Malam, da ɗan wani ne ya rantse maka, da ka saurare shi. Kunyar mutane ka ji."

Baba ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "Abin da nake nema in sani ke nan."

Da tabki ya sake cika, yara suka zo da jiragensu suka tsaya ƙofar gida, ya bi su. Amma duk sa'ad da aka yi karo sai ya ce, "Ku koma ku sake." Yara suka gaji da tseren da ba ya ƙarewa, suka koma wasan langa a kan tudu. Kafin ruwan ya janye, babu mai zuwa kiransa.