Inuwata a kan ruwan tsoho

Shekarun baya can, a farkon shekarun saba'in, damina ta yi mana rowa. Gero ya fitar da kai ya tsaya cak, dawa kuwa ko kan ba ta samu fitarwa ba. A lokacin ina sabon magidanci a wani ƙauye kusa da Toranke, ni da mahaifiyata da maiɗakina da 'yarmu da ba a daɗe da yaye ta ba. Tun kafin sanyi ya shigo muka fara ganin gindin rumbu. Sa'o'ina suka yi ta ɗaure kaya suna tafiya cirani, ni kuwa na ce ba inda zan je in bar tsohuwa.

Gidanmu ba gidan masunta ba ne. Kakana manomi, ubana manomi, ni kuma iyakar sanina da kifi shi ne cire masa ƙaya in an zubo mini a kwano. Duk da haka na ja jakina na kai wa wani masunci, ya ba ni tsohon kwale-kwalensa, ɗan ƙarami mai cin mutum ɗaya, da filafili da 'yan ƙugiyoyi. Da mahaifiyata ta ji, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ka ba da mai ƙafa huɗu ka karɓo mai yoyo? To, Allah Ya sa alheri."

A shekarar ruwan kogi ya ja baya ƙwarai, kifin da ya rage duk ya tattare a wani tafki can cikin fadama. Ba a isa wurin da ƙafa, laka za ta haɗiye mutum har ƙugu. Hanya ɗaya ce, wani siririn mashigi da ya ɓalle daga kogin. Bakinsa na yamma gumbi ne ya lulluɓe shi, wannan itacen mai ƙaya kamar farcen mage. A tsakiyar mashigin, daf da gumbin, wani tsohon masunci yake kafa kwale-kwalensa kullum, ya juya wa ƙayar baya, ya zuba ƙugiyoyinsa a fili ta gabas.

Abokina, wanda shi ɗan masunta ne, ya ja mini kunne tun farko. Ya ce, "Ba a wuce mai ƙugiya a ruwa sai ya ɗaga maka hannu. In ka yi ƙarfin hali ka wuce, magana za ta je gaban sarkin ruwa, kai da ruwan nan kuma sai dai kallo."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, gaisuwa ce, ni kuwa ba a taɓa kama ni da rowar gaisuwa ba. Ranar farko na iso da hantsi, a tsaye ƙiƙam cikin kwale-kwale, ina sara ruwa da filafili kamar mai huɗa. Ni dogo ne, har a garinmu yara suna kirana giginya a bayan idona. Ina hango tsohon na buɗe murya irin ta gona na ce, "Salamu alaikum! Baba, sannu da aiki! Ya kifin?"

Leɓensa ya motsa, na san ya amsa sallamar a ciki, amma hannunsa ko gezau. Na tsaya har rana ta take tsaka, na juyo gida da 'yan karfasa da na kama a bakin kogi, waɗanda ko miyar mutum ɗaya ba za su yi ba. Kashegari haka, jibi ma haka. Na ƙara ƙarfin gaisuwar, har da su "ranka ya daɗe", duk a banza.

A gida kuwa abin ya kai maiɗakina tana tankaɗe dusa tana dama kunu. Wata rana na ga mahaifiyata ta juye nata kason a ƙoƙon jikarta, ta ce wai ita cikinta a cushe yake. Na san ba cushewa ba ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na ji na tsani tsohon nan, mutum ya zauna a ƙofar abincin bayin Allah ya hana.

Abokina ya ce in haƙura in nemi jakina tun bai yi nisa ba. Na ce masa wallahi sai na shiga tafkin nan, kuma ba da ƙarfi ba, sai tsohon ya ɗaga mini hannu da kansa.

Na sayi goro a kasuwar Gaya na bi shi har gida. A tudu sai na tarar da mutum mai fara'a. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi mahaifiyata, ya ce ya san ubana. Da na kawo maganar, ya fasa goron ya ce, "Ɗana, abin ruwa a ruwa ake koyonsa. In na faɗa maka a nan, kafin ka kai bakin kogi ka zubar." Daga nan ya koma zancen fari.

To, tunda an ce a ruwa, sai na koma ruwan, amma ba da kwale-kwale ba. Ina idar da sallar asuba na bi ta tudu, na haye wata bishiyar ɗinya da ake hango mashigin daga kanta, na zauna sauro yana shagali a ƙafafuna. A nan na ga abin da zuwan hantsi ya hana ni gani. Masunta suna zuwa ɗai-ɗai. Kowa in ya kawo kwana sai ya cire filafilinsa daga ruwa ya kwantar a hankali. Ba mai cewa uffan, hannu kawai ake ɗagawa. Tsohon ya ɗaga nasa, sai mutum ya bar filin nan mai faɗi, ya kama rassan gumbi yana jan kansa, ya bi ta bayan tsohon. Ashe gittawa ta gaban ƙugiyar mutum a wurinsu kamar gittawa gaban mai salla ne. Gani ya kori ji.

Kashegari na zo da sassafe, na haɗiye gaisuwata, na kwantar da filafili, na ɗaga hannu. Bai ɗaga nasa ba. Na ce ko bai gan ni ba ne, sai na miƙe tsaye don ya gan ni da kyau. A daidai lokacin rana ta ɓullo ta bayana. Ina kallo inuwata ta miƙe zanƙalele a kan ruwan, ta je ta kwanta a kan ƙugiyoyinsa. Ruwan ya yi tartsatsi, ƙananan kifaye suka watse, na ga wani babba ya kaɗa wutsiya ya yi ƙasa. Tsohon ya bi shi da kallo, sannan ya sunkuyar da kai.

Na zauna a hankali. Ranar ban jira ba, na ja da baya na tafi.

Washegari na tuɓe riga na naɗe, na cire hula. Tun kafin kwanar na daina tuƙi, na manne da bakin yamma, na duƙa har haɓata tana taɓa gwiwa. Na ɗaga hannu ɗan kaɗan, na jira. Ƙafata ta yi tsami, ruwan da ke yoyowa ya jiƙa mini wando, ban ko kwashe ba don kada ƙoƙo ya yi ƙara. Na ce a raina ko azahar za a kira a nan za ta same ni. Can sai na ga ya saki igiya da hannu ɗaya, ya ɗaga shi.

Jama'a, ratar da gajerun masunta ke bi cikin sauƙi, ni sai da na kwanta rubda ciki. Na kama gumbi ina ja, ƙaya tana karce mini baya da hannuwa, na cije leɓe ban yi ko tari ba. Da na zo daidai bayansa, bai waiwayo ba, ya dai yi magana ƙasa-ƙasa, "Wa alaikumus salam, manomi. Bi hannun hagu, can tarwaɗa take."

Da la'asar na fito da tarwaɗa manya-manya. Na same shi yana naɗe igiya, na zaɓi babbar na miƙa masa. Ya girgiza kai, ya karkato mini gorarsa, na ga kifi yana motsi a ciki.

Ya ce, "Kai wa tsohuwarka. Yau ni ma za a ɗora tukunya a gidana. Tun da ka fara zuwa gaishe ni, jikokina kunu suke sha."

Ni ina ganin ya tare mini abinci, ashe ni nake korar nasa kullum, kuma bai taɓa kai ƙarata ba.

Daren nan mahaifiyata ta ci ta suɗe hannu, ba ta juye wa kowa nata ba. Da ta ga maiɗakina tana cire mini ƙaya a baya, sai ta ce, "Ashe mai yoyon ma yana harbi." Kifin tafkin nan shi ya riƙe gidanmu har ruwan sama ya sauka.

Tsohon ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Mashigin ma ya cike, albasa ake nomawa a wurin. Amma har yau in zan wuce inda wani yake neman abincinsa, ko mai tallan tumatir ne ya baza a gefen hanya, sai na rage murya na duba ta ina zan bi. Jikokina suna mini dariya, wai Kaka yana tafiya yana leƙen ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ba allura nake nema ba, inuwata nake dubawa in ga a kan wa ta faɗi.